Takalmi mai tudu: a bar musun tsayi, a dubi gindinsa

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, muna roƙon ka ba mu fili mu sa baki a wata gardama da ta ƙi ci ta ƙi cinyewa a nan Damagaram, wato ta takalmin nan na mata mai tudu, wanda ƙasansa yake shimfiɗe daga yatsu har dunduniya. Mu masu sana'ar takalmi ne, wasu dukawa, wasu masu gyara. Ba mu zo raba gardamar kyau ko muni ba, don wannan ido ne ke yanke ta, kuma kowa da nasa. Abin da ya dame mu shi ne ana ta musu a kan tsayin takalmin, alhali abin da ke kayar da mutum ko ya tsayar da shi yana can ƙasa, inda mai saye ba ta ko juyawa ta duba.

Da farko a bambance shi da ƴan uwansa, don ana yawan cakuɗa su. Akwai ƙwas-ƙwas mai tsini, wanda dunduniya ke sama yatsu na ƙasa. Akwai mai gangare, wanda ƙasansa a cike yake amma bayan ya fi gaban tudu sosai. Wanda muke magana a kai kaurinsa kusan ɗaya ne gaba da baya, kamar an yanko katifa an ɗaura wa ƙafa. Masu tallarsa a Facebook da TikTok suna ce masa filatfom. Kaurinsa yakan fara daga santimita 3 ya kai 7 ko 8, wasu ma su wuce.

Masu ƙinsa sun ce mace ta sa shi sai ka ce ta tako bulo biyu, tafiyarta ta koma ta agwagwa. Wasu iyaye kuma suna ganin ƙarin tsayi ne na yaudara da jan ido. Masu son sa sun ce ba su taɓa sa takalmin ado da suka wuni da shi a gidan biki ba tare da sun cire sun riƙe a hannu ba sai wannan. Batun halacci mun bar wa malamai, nasu ne. Abu ɗaya kawai za mu ƙara daga ɓangaren sana'a: mai ƙasan soso ba ya yin ƙara ko kaɗan in ana tafiya, ba kamar mai tsini ba da ake jin zuwansa tun daga zaure.

Kuma ba baƙo ba ne kamar yadda ake ɗauka. Hausa tana da kalmar dangarafai tun kafin a san roba, takalman itace ne masu ɗaga mutum daga taɓo. Matan birnin Benis na Italiya sun sa irinsa a ƙarni na 16, wasu tsayinsu ya kusa rabin mita, har sai an riƙe mace kafin ta iya tafiya. Mutanen Japan suna da nasu na itace har gobe. A shekarun 1930 wani baduku ɗan Italiya, Salvatore Ferragamo, ya yi ƙasan takalmi da ɓawon itacen nan marar nauyi da ake toshe bakin kwalba da shi, yayin ya sake tashi a shekarun 1970 da na 1990, sannan kamfanin Prada ya fito da shimfiɗaɗɗen a 2011, masu kwaikwayo suka ɗauka. Yayi ne mai tafiya yana dawowa, zagi bai taɓa kashe shi ba.

Daɗin da mata ke faɗa gaskiya ne, kuma yana da dalili. A takalmi mai tsini yawancin nauyin jiki gangarowa yake ya taru a tudun gindin yatsu, shi ya sa wurin ke zafi kamar an taka garwashi, yatsu su cushe, kanta ta fito. A shimfiɗaɗɗe kuwa nauyin yana rabuwa tsakanin dunduniya da gaba kamar yadda yake in mutum na tsaye ba takalmi. Ga kuma abin da ƙasarmu ta ƙara masa. A watan Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, yashin tsakar rana yana ratsa silifa mai siririn ƙasa, amma ba ya ratsa soso mai kaurin santimita 4. Ƙaya ba ta cika huda shi ta kai fata ba. Da damina yana ɗaga ƙafa daga ruwan da ya kwanta a lungu, yana hana bakin zane ko doguwar riga sharar ƙasa, lallen da aka kwana ana ƙunsawa kuma bai shafi ƙura ba. Wanda ya ce mata don yayi kawai suke sa shi bai taɓa ratsa Kasuwar Dole da azahar da silifa ba.

To ina matsalar? Tana idon sawu. Ƙafar mutum ƙasusuwa 26 ne da jijiyoyi masu jin kowace tsakuwa, suna gyara tsayuwa tun kafin mai ita ta ankara. In an sa tudu mai tauri tsakaninta da ƙasa, an toshe wannan jin, an kuma ɗaga idon sawu sama alhali faɗin da ake tsaye a kai bai ƙaru ba. Tulu a kan gajeren gammo ba ɗaya yake da tulu a kan dogon turmi ba.

Ga lissafin a sauƙaƙe, ba na ɗakin gwaji ba, amma ya isa a gane. Faɗin ƙasan takalmin mace a wajen dunduniya kusan santimita 6 ne, wato 3 kowane gefe daga tsakiya. Idon sawu yana sama da ƙasa da kamar santimita 7. In ƙasan takalmi santimita 1 ne, sai ya karkata wajen digiri 20 kafin nauyin jiki ya fita daga kansa ya kife. In kaurin ya kai 4, digiri 15 ya isa. In ya kai 7, digiri 12 kacal. Ma'ana, tsakuwa mai girman ƙwarar gujiya da ɓawonta, in ta shiga ƙarƙashin gefe ɗaya, ta isa ta juya ƙafar mai santimita 7, alhali mai silifa sai ta taka wadda ta kusa ninka wannan. Kuma in ya juya, tsawon tudun ya zama kamar ƙotar da ke ƙara wa murɗawar ƙarfi, jijiyoyin gefen waje na idon sawu su ne ke biya. Yanzu a duba ɗaya ɓangaren lissafin, wanda shi ne ya sa muka rubuto wasiƙar nan: takalmi mai kaurin santimita 4, in an buɗa gindinsa da santimita 1 kowane gefe, ya koma digiri 20, daidai da silifa. Wato faɗi yana biyan bashin tsayi. Abin takaici, da yawa daga cikin waɗanda ake shigowa da su akasin haka aka yi musu. An tsuke gindin ya fi saman ƙanƙanta don ya yi siriri a ido, kamar an ajiye ƙoƙo a kan gindinsa. Wannan shi ne mai kayarwa, ko da tsayinsa bai kai ya kawo ba.

Sai a haɗa wannan da hanyoyinmu. An zana takalmin ne don daɓen siminti da tayil. Mu kuwa a Birni duwatsu ne a tsakiyar lungu, ga gangare, ga kwatar da ta ratsa hanya. A Zango da sababbin unguwanni yashi ne mai zurfi, inda gefe ɗaya na takalmi ke nutsewa ɗaya na sama. Bakin kwalta kuma ya zaizaye ya bar gaɓa mai kaifi, daidai inda ake sauka daga kabu-kabu. Shi ya sa a ganinmu santimita 4 ne iyakar na yawon yau da kullum a garin nan. Mai 5 zuwa 6 a bar shi don wurin da za a sauka a ƙofa a zauna a kujera. Abin da ya haura haka na ɗaukar hoto ne.

Abu na biyu da ba a dubawa shi ne hancin takalmin. Duk takun da mutum ya yi, gindin babban yatsa yana lanƙwasa sosai kafin ƙafa ta bar ƙasa. Ƙasa mai kaurin santimita 4 ba ya lanƙwasuwa, don haka dole a nemo wa ƙafa wata hanyar mirginawa. Mai kyau za ki ga an fere ƙasan gabansa ya ɗago sama kamar gaban jirgin ruwa, daga daidai gindin yatsu zuwa baki, tazarar santimita 1 zuwa 1.5 daga ƙasa. Wanda ba a fere ba, ƙasansa a miƙe kamar allo, shi ne ke sa a riƙa ɗaga gwiwa ana dire ƙafa gaba ɗaya, ita ce tafiyar agwagwar da ake dariya. Ba laifin mai tafiyar ba ne. Shi ne kuma ke tuntuɓe da dokin ƙofa da bakin tabarma, da yamma ƙwauri da sha-raɓa su ɗauki ciwo. Haka bayan dunduniya yana son a ɗan fere shi kamar rabin santimita, don shi ke fara taɓa ƙasa.

A nan za mu saɓa wa masu talla kaɗan. Suna yabon takalmin da cewa shimfiɗe yake sarai. Sarai ɗin ba alheri ba ne ga kowa. In dunduniya ta fi gaba tudu da santimita 1 zuwa 1.5, agara tana samun sauƙi, musamman ga wadda ta shekara tana sa mai tsini har agararta ta ɗan taƙaita. Irin wannan in ta koma shimfiɗaɗɗe rana ɗaya, sai ta tashi da asuba ta kasa dire dunduniya. Ido ba ya ganin wannan bambanci daga nesa, ƙafa kuwa tana ji.

Na uku maɗauri. Mafi yawan abin da ke kasuwa irin na zura-ka-tafi ne, mai fata ɗaya a kan yatsu, bayan a buɗe. Silifa marar nauyi tana iya tafiya a haka. Takalmin da ƙafa ɗaya ta kai rabin kilo ba ya iyawa, sai yatsu sun ƙanƙame shi kowane taku don kada ya fita, dunduniya kuma tana zamewa gefe ta sauka a kan gaɓar tudun. Sau da yawa targaɗe daga nan yake farawa. Ƙara da gumi, ko jiƙaƙƙiyar ƙafa bayan alwala a kan shimfiɗar leda mai sulɓi. Mai tudu yana buƙatar riƙo a wuri biyu aƙalla: fata mai faɗin santimita 3 ko fiye a kan gadon ƙafa, da maɗauri da ya zagaya bayan dunduniya. Mun san dalilin da ya sa ake guje wa maɗaurin baya. Mace tana cire takalmi sau nawa a wuni, a ƙofar ɗaki, a wurin salla, a gidan gaisuwa, kowane lokaci sai ta sunkuya ta kwance ƙarfe. Maganin wannan a sa roba mai miƙewa tsawon santimita 2 zuwa 3 a jikin maɗaurin, yadda za a iya zare shi da yatsa ɗaya. Kowane mai gyara zai iya ƙara wa takalmin da aka riga aka saya wannan maɗauri, aikin bai kai awa ɗaya ba.

Sai abin da aka yi ƙasan da shi, don a ido duk ɗaya suke. Akwai soson da ake kira EVA, irin na silifar wanka amma mai tauri. Shi ne mafi rashin nauyi, ba ya shan ruwa, ya fi dacewa da mu. Aibinsa biyu: yana lotsawa a inda aka fi dannawa ya ƙi dawowa, kuma in an bar shi a rana ko cikin rufaffiyar mota yana motsewa ya karkace. Yawancin mutane gefen waje na dunduniya suke fara cinyewa, to in tudun ya lotsa ta nan, takalmin da kansa ya riga ya karkata ta inda ake yin targaɗe. A riƙa ɗora shi a kan tebur ana dubansa ta baya. In ya jingina gefe, a kai a yi masa ciko ko a haƙura da shi.

Akwai roba mai nauyi mai sheƙi, PVC. Araharta ce ke sayar da ita. Tana da sulɓi a kan tayil mai ruwa, tana taurara da sanyin hunturu har ta tsage a tsakiya. Galibi cikinta ba a cike yake ba, ramuka ne kamar saƙar zuma aka rufe da kwali. In gumi ko ruwan sama ya jiƙa kwalin, dunduniya ta burma cikin ramukan, sai mai shi ta ji kamar tana taka rariya.

Akwai kuma wani nau'in roba da ake kira PU, wanda ya fi yawa a takalman gwanjo masu sunan manyan kamfanoni. Yana da laushi da daɗin taku yana sabo, amma yana da wata cuta da ba a gani: danshi da zafi suna cin sa daga ciki, ko ana sawa ko ba a sawa, ajiya ma ta fi kashe shi. Takalmin da ya shekara da shekaru a ɗakin ajiya a Turai, ya kuma yi watanni cikin kwantena a bakin teku, yana isowa nan samansa fes kamar ba a taɓa sawa ba. Ranar farko da aka fita da shi sai ƙasan ya fara zuba gari-gari a hanya kamar busasshen ƙuli-ƙuli, kafin a kai gidan biki ya rabu biyu. Ba gam ɗin da ke gyara wannan, sai dai a kankare duka a yi sabon ƙasa. Gane shi ba wuya: a danna farcen babban yatsa da ƙarfi a gefen tudun. In ya bar rami mai tsagewa, ko wurin ya yi danƙo a hannu, ko an ga ƙananan tsagu kamar faso, a ajiye shi komai kyansa.

Ga mai shiga kasuwa, gwajin duka bai wuce minti biyar ba. A je da yamma, don ƙafa tana ɗan kumbura da wuni, wanda ya yi daidai da safe yana iya matsewa da la'asar. A gwada ƙafa biyu a tsaye, ba ɗaya a zaune ba. Kada a dogara da lamba kawai, tsakanin lamba da lamba kashi biyu cikin uku ne na santimita, kuma 38 na wannan kamfani ba lallai ya zama 38 na wancan ba. A bar tazarar rabin santimita zuwa ɗaya a gaban yatsa mafi tsawo, dunduniya kuma ta zauna cikin takalmin, kada ta leƙo ko kaɗan. A ajiye shi a wuri mai daidai a ture shi da yatsa ta gefe, in ya yi rawa ko ya faɗi tun ba kowa a kai, to da mutum a kai sai abin da ya ƙaru. A danna hancinsa, ya kamata bayan ya ɗago cikin sauƙi. A riƙe gaba da baya a murɗa kamar ana matse wanki, kada ya murɗu sosai, kuma a lura ko bakin da aka manna yana buɗewa. A juya a ga ko akwai zanen riƙon ƙasa mai zurfin milimita 2 zuwa 3. Mai sayarwa zai ce ai zai saki in an saba. Fata tana saki, leda ba ta saki, sai dai ƙafa ta yi bororo.

Abin da ya fi kawo wannan takalmi wurin gyara shi ne ɓallewar ƙasa daga sama. Dalili a fili yake: tunda ƙasan ba ya lanƙwasa, duk ƙarfin taku yana ƙarewa a kan layin gam, zafin ƙasarmu kuma yana sassauta gam ɗin. Sai a samu an ɗiga masa gam ɗin nan mai kamawa nan take na ƙaramin bututu. Wannan bushewa yake kamar gilashi, ya karye a taku na goma, ya kuma bar ɓawon da ke hana gam na gaskiya kamawa daga baya. Yadda ake yi shi ne a buɗe wurin sosai, a kankare tsohon gam, a goge fuskokin biyu da samfefa mai kaushi har sheƙin ya tafi, a kaɗe ƙurar. A shafa gam mai ruwan ɗorawa irin na masu takalmi siriri a kowace fuska, ba ɗaya ba. A bar shi minti 10 zuwa 15 har in an taɓa da bayan yatsa ba ya biyowa. In soso ne ko fata mai shanyewa, a ƙara shafi na biyu a sake jira. Sannan a haɗa sau ɗaya, don in ya kama ba ya gyaruwa, a bubbuga da guduma daga tsakiya zuwa baki, a ɗaure ko a danne, a bar shi kwana ɗaya cur kafin a sa. Gaggawar haɗawa gam na ɗanye ita ce ke lalata rabin gyaran da ake yi a bakin hanya, kuma sau da yawa mai takalmin ce ke tsaye a kan mai gyara tana cewa ya yi sauri. In ƙasan PVC ne ko PU, wannan gam ba ya daɗewa a kansa, akwai wani fari mai kama da ruwa da aka yi dominsu, ana goge wurin da ruwan cire jan farce tukuna, a ɗan ɗumama gam ɗin bayan ya bushe sannan a haɗa. Duk waɗannan suna kama wuta, kada a yi aikin kusa da murhu ko a rufaffen ɗaki.

Kiranmu ga ƴan uwanmu dukawa shi ne a daina kallon wannan yayi ana taɓe baki. Garin da aka san shi da jima da aikin fata bai kamata ya bar ƴaƴansa mata suna sayen kwali da leda ba. Yin sa bai fi ƙarfin kowa ba. A zana ƙafar mai shi a tsaye a kan takarda, fensir a miƙe. A yanka shimfiɗar sama daga kirgi mai kaurin milimita 3. Tudun a gina shi da fallen soso mai tauri na santimita 1, uku ko huɗu, kowane a goge a manna kamar yadda muka faɗa, na ƙasa ya fi na sama faɗi kaɗan-kaɗan har gindin ya buɗe. A ƙara rabin falle a wajen dunduniya, a fere gaba da baya, a rufe ƙasa da roba ko fallen taya na milimita 4 zuwa 5. Maɗauran a yanko su bin tsawon gadon bayan fata, don ta nan ba ta cika miƙewa ba. Fatar akuya, ko da ta jar akuyar Maraɗi ce da duniya ta san ingancinta, tana da laushi, sai an ninka ta ko an yi mata shafi, in ba haka ba wata ɗaya ta saki ƙafa ta riƙa yawo. Bakin kowane maɗauri a zura shi ta tsagar shimfiɗa, a naɗe shi ƙasa aƙalla santimita 2, a manna, a kuma ɗinke da basilla da zaren nailan kafin a ɗora a kan tudun. Kada a buga ƙusa a soso, ba abin da za ta riƙe, ƙarshenta ta juyo ta soki mai shi. A kuma tuna fatar da aka jeme da bagaruwa aka sha mata mai ba ta son gam, sai an kankare bayanta sosai. Ja na karan dafi kuma yana zuba a ƙafa mai gumi, don haka a yi shafin ciki da fatar da ba a rina ba.

Akwai waɗanda ba ma ba su shawarar sa shi ko mai kyan ne. Mai juna biyu, musamman in ciki ya tsufa, jijiyoyinta sun saki, ba ta kuma ganin inda take takawa. Mai goyo a baya, don faɗuwarta ta mutum biyu ce. Dattijuwa, da wadda ta taɓa yin targaɗe a ƙafar har ya zame mata jiki. Mai ciwon suga da ƙafarta ta fara mutuwar ji, wadda maɗauri zai iya yanka ba ta sani ba. Sai ƙananan yara mata, da ake saya wa don kwalliyar salla su bi hawa da gudu cikin turmutsutsu a ƙofar fada. Ƙashinsu bai gama ƙosawa ba, kuma yaro ba ya tafiya a hankali don an ce ya yi. Mai tuƙa moto ko mota kuma ta ajiye silifa mai maɗauri don tuƙi. Ta cikin santimita 5 na soso ba a jin nauyin da aka ɗora wa birki, kuma kaurin ba ya shiga ƙarƙashin ƙarfen canjin giya. Wadda aka goya a kabu-kabu ta jira ya tsaya cak, ta dubi inda za ta dire, ta sauke ƙafar a shimfiɗe, ba da gefe ba.

In kuma ƙaddara ta faɗa ƙafa ta gurɗe, a cire takalmin nan da nan kafin kumburi ya riƙe shi. A zauna, a ɗaga ƙafar sama da ƙugu, a naɗe ƙanƙara a tsumma a ɗora minti 15 zuwa 20, a maimaita bayan kowace awa biyu ko uku a kwana biyun farko, a ɗaure da bandeji ba tamau ba. Ruwan zafi da murza da man zafi a waɗannan kwanaki ƙara kumburi suke, a bari sai daga baya. Muna girmama maɗora, amma akwai alamomin da in an gan su asibiti za a nufa a ɗauki hoton ƙashi kafin kowa ya ja ƙafar: in mutum ya kasa yin taku huɗu a kanta, ko in an danna kan ƙashin idon sawu ta bayansa ya yi zafi mai tsanani, ko zafin yana kan ɗan ƙashin nan da ya turo a tsakiyar gefen waje na ƙafa. Wannan ƙashi yana yawan tsagewa a irin wannan faɗuwa, ana ɗaukarsa targaɗe, a yi ta ɗingishi wata da watanni. Bayan an warke kuma, kafin a koma kan mai tudu, a gwada tsayuwa da ƙafar ita kaɗai ba takalmi. In an kasa yin daƙiƙa 30 ba tare da dafa bango ba, lokaci bai yi ba tukuna.

Mun gode da filin da ka ba mu. Allah ya ƙara wa jaridarka albarka.

Wassalam,
Wasu dukawa da masu gyaran takalmi,
Damagaram.